Agogon gudu da awon nisa: tambayoyin da ake yawan yi mini a Birnin Kebbi

Duk wanda yake fitowa bayan sallar asuba a Birnin Kebbi ya san masu motsa jiki kala-kala ne. Akwai samarin da suke shirin gwajin shiga soja ko ɗan sanda, akwai ma'aikatan da likita ya ce su rage ƙiba saboda hawan jini ko ciwon suga, akwai mata masu tattaki rukuni-rukuni. Da yawansu da agogo a hannu, kuma gardamar ba ta wuce ɗaya: an bi hanya ɗaya, an tashi tare an tsaya tare, amma kowane agogo da nisan da ya faɗa. Na tattara tambayoyin da aka fi yi mini a kan wannan. Ra'ayina tun farko shi ne, a ƙasa irin tamu mai shimfiɗe da buɗaɗɗen sama, yadda kake amfani da agogon ya fi sunan kamfanin da ya ƙera shi tasiri.

Wai ta yaya agogo yake sanin nisan da na yi?

Ba nisa yake aunawa ba, inda kake tsaye yake nema ta hanyar GPS. GPS tsarin Amurka ne mai taurarin ɗan adam kusan 30 da suke shawagi a nisan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana zagaya duniya sau biyu a rana. Aikin kowane tauraro shi ne ya riƙa watso saƙo guda: ga inda nake, ga kuma lokacin da na aiko. Agogonka yana lissafa tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, daga nan ya gane nisansa da tauraron. Sai ya ji aƙalla huɗu kafin ya iya cewa ga wurin da kake. Saƙon da saurin haske yake tafiya, kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, don haka kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ya isa ya jefa ka mita 300 daga inda kake. In ka yi tunanin wannan, za ka ga ba ƙaramin aiki abin nan da yake ɗaure a hannunka yake yi ba.

Nisan kuma daga ɗigo-ɗigo yake fitowa. Kowace daƙiƙa agogon yana ajiye ɗigo, sannan ya haɗa su da miƙaƙƙen layi, kamar mai kafa turaku yana ɗaura igiya daga wannan zuwa wancan. In turakun sun karkace hagu da dama, igiyar ta fi hanyar tsawo. In sun yi nisa da juna a wurin kwana, igiyar ta yanke kwanar, nisan ya ragu. Kusan duk kuskuren da za ka gani a agogo daga ɗayan biyun nan yake.

Ni da abokina mun yi gudu tare, nawa ya ce kilomita 5.00, nasa ya ce 5.08. Na wa ya yi ƙarya?

Babu wanda ya yi. Mita 80 a cikin kilomita 5 bai kai kashi 2 cikin 100 ba, kuma saɓanin kashi 1 zuwa 2 abu ne da aka saba gani ko tsakanin agoguna masu tsada. Mai gudun kilomita ɗaya a minti 5 yana cin mita uku da ɗoriya ne a daƙiƙa, kuma kuskuren GPS na yau da kullum shi ma mita uku zuwa biyar ne. Ka ga ke nan takun da ka yi da kuskuren awon kusan girmansu ɗaya. Shi ya sa kowane kamfani yake da nasa lissafin na goge karkacewar layi, yana haɗawa da lilon hannunka. Wani yana gogewa da yawa nisan ya gaza, wani yana bari nisan ya haura.

Ƙara da cewa ku biyun ba layi ɗaya kuka bi ba. Wanda yake gefen waje a shataletale ya fi na ciki tafiya, da gaske.

Inda ya kamata ka damu shi ne in saɓanin ya kai mita 300 ko 400 a kilomita 5, kuma kullum agogo ɗaya ne yake bauɗewa.

Sai da data ko sabis yake aiki?

A'a. Agogo saurare kawai yake yi, ba ya aika komai sama, kuma ba a biyan ko sisi. Lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara a watan Satumba na 2021, taurarin ba su daina watso saƙonsu ba, duk mai agogon da yake da GPS na kansa yana iya auna nisansa.

Amma data tana da ɗan amfani. In kana haɗa agogon da waya, yana sauko da wani ƙaramin jadawali da yake gaya masa inda taurarin za su kasance na 'yan kwanaki masu zuwa. Da shi yake kama sigina cikin daƙiƙoƙi kaɗan. In jadawalin ya tsufa, sai ya tsaya ya karanto bayanin daga taurarin da kansu, abin ya ɗauki rabin minti ko fiye. Saboda haka ka riƙa haɗa su ko da sau biyu ne a mako.

Na sayi agogo mai araha a kasuwa, an rubuta GPS a kwalinsa, amma in na bar waya a gida ba ya zana hanya. Me ya faru?

Wannan ce tambayar da ta fi damuna, domin masu ƙaramin ƙarfi take ci. Da yawa daga agogunan nan ba su da na'urar GPS a cikinsu. Ta wayarka suke arowa ta Bluetooth. In babu waya, sai su koma ƙirga taku su ninka da tsawon takun da suka ƙiyasta daga tsayinka. Wannan ƙiyasi yana ɗan yin daidai a tafiyar ƙafa a kan kwalta, amma da ka shiga yashi ko ka canza sauri, ya tashi daga aiki.

Kafin ka biya, ka ce wa mai shago ku fita waje. Kashe Bluetooth ɗin wayar, ka buɗe wurin gudu a agogon. In ya nuna yana neman tauraro har ya kama, to yana da nasa. In ya ce a haɗa da waya, ka san abin da kake saya. Ba laifi ba ne ka saye shi a haka in dai kana fita da waya, sai dai ka sani ingancin awon na wayar ne, kuma wayar da take cikin aljihun wando jikinka yana tare mata rabin sama.

Mene ne agogo mai zango biyu, kuma ya cancanci ƙarin kuɗin?

A nan ake yawan ruɗa mutane, domin abu biyu ne daban. Na farko shi ne yawan tsarin taurarin da agogo yake saurare. Bayan GPS na Amurka akwai GLONASS na Rasha, Galileo na Tarayyar Turai, da BeiDou na Sin wanda aka kammala a 2020. Agogon da yake jin su duka yana ganin taurari da yawa a lokaci guda, in gini ya tare wasu ya riƙe wasu. Kusan duk agogon gudu na yanzu yana da wannan, sai dai wani lokaci sai ka shiga saiti ka kunna.

Na biyu shi ne zango. Tsofaffin agoguna zango ɗaya suke kamawa, wanda ake kira L1, a kan megahaz 1575.42. Sababbi suna ƙarawa da L5, a kan 1176.45. A saitin agogo za ka ga an rubuta Multi-Band ko Dual Frequency. Amfaninsa biyu. Saƙon L5 ya fi sauƙin tantancewa, don haka agogon yana iya bambanta saƙon da ya zo kai tsaye da wanda ya bugi bango ko rufin kwano ya dawo, wanda shi ne yake sa ka ga layinka ya ratsa cikin gidan mutane a taswira. Sannan iskar sama tana jinkirta zangon biyu ba daidai ba, in agogo ya gwada su sai ya gane girman jinkirin ya cire.

Coros Vertix 2 ne ya shigo da wannan cikin agogunan wasanni a 2021. A 2022 Garmin ya sa shi a Forerunner 255 da 955, Apple ya sa a Watch Ultra, Amazfit a T-Rex 2. A 2023 ya iso Coros Pace 3, Suunto Vertical da Polar Vantage V3. Irin su Forerunner 55 da 165 kuwa zango ɗaya ne.

To ya cancanta? Amfaninsa ya fi fitowa ne ga masu gudu a tsakanin dogayen benaye da cikin daji mai duhu da kwazazzaban duwatsu. In hanyarka ta Kalgo ce ko ta Argungu, sama a buɗe daga gabas har yamma, da ƙyar za ka ga bambancin da ya taka kara ya karya. In kuwa gudunka a lungunan tsohon gari ne, inda katanga take kusa da kafaɗa kuma rumfunan kwano suka rufe sama, ko ƙarƙashin lambun mangwaro, ko tsakanin duwatsun ƙasar Zuru, za ka ga layin ya fi tsabta. Kada kuma a manta da batir. Forerunner 255 yana yin kusan awa 30 da GPS kaɗai, amma in ka kunna duka tsare-tsaren da zango biyu sai ya dawo kusan 16. Ga wanda wuta ba ta zama a unguwarsu, wannan abin dubawa ne. Ni dai in ɗalibi ya tambaye ni, cewa nake yi ya sayi mai zango ɗaya na kirki, ragowar kuɗin ya sayi takalmi mai kyau.

Wane kamfani ne ya fi daidai?

Tambayar da ta fi wannan amfani ita ce wace shekara aka yi agogon. Kamfanonin ba su suke ƙera ƙwaƙwalwar GPS ɗin ba, daga wurin wasu 'yan kamfanoni ƙalilan suke saye, shi ya sa agoguna masu suna daban sukan zo da ciki ɗaya. Abin da yake raba su shi ne eriya da lissafin manhaja. Sabon agogo mai matsakaicin farashi yakan doke babban agogon da aka yi shekara biyar ko shida baya. Masu sayen na hannu su lura da wannan, su kuma duba lafiyar batir.

Me ya sa layin da agogona yake zanawa da asuba ya fi na bayan magariba kyau?

Wannan tambaya tamu ce ta nan, ba ta mutanen Turai ba. Tun daga kusan kilomita 60 sama da ƙasa har zuwa 1,000 akwai wani sashe da hasken rana yake cika shi da ɓurɓushin lantarki, masana suna ce masa ayonosfiya. Duk saƙon GPS sai ya ratsa ta cikinsa. Arewacin Najeriya yana dab da layin tsakiya na maganaɗisun duniya, kuma a wannan yanki, in rana ta faɗi, sashen nan yakan hautsine, sigina ya riƙa ƙarfi yana raguwa, wani tauraron ma ya ɓace wa agogo na ɗan lokaci. Abin yakan fara bayan faɗuwar rana ya kai wajen tsakar dare. Ya fi yawa a wajejen Maris da Afrilu, da Satumba da Oktoba, kuma ya fi tsanani a shekarun da rana take kan ganiyarta a zagayenta na kusan shekara 11, kamar yadda ta kai a 2024. Gab da asuba kuwa shi ne lokacin da sashen ya fi lafawa.

Abin alfahari ne cewa garinmu yana da hannu a wannan ilimi. An kafa tashar GPS ta dindindin a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Waziri Umaru, ɗaya daga cikin tashoshin Ofishin Babban Safiyo na Tarayya, kuma masu bincike sun yi amfani da bayananta wajen nazarin wannan sashe na sama.

Ba kowane dare abin yake faruwa ba, kuma agogon da yake jin taurari da yawa yakan shanye shi ba ka sani ba. Amma in gwajin lokaci za ka yi wanda kake son ka dogara da shi, yi shi da safe. Masu fita bayan tarawihi a watan azumi su kunna duka tsare-tsaren.

Hazo da hadari suna hana shi aiki?

Ba sa hanawa. Zangon GPS yana ratsa gajimare da ruwan sama da ƙurar hunturu. Abin da yake tare shi shi ne siminti, ƙarfe, ruwa in agogo ya nutse a ciki, da ganye mai kauri, musamman jiƙaƙƙe. Layin dogon yaro da damina ya fi hazon Janairu rage sigina. Zafin Afrilu kuwa batir yake ci, kada a bar agogo a gaban mota cikin rana.

Malam, hijabi ko dogon hannun riga yana tare sigina?

A'a Hajiya, yadi ba ya tarewa. Ki dai ɗaure shi daidai, kada ya riƙa juyawa, fuskarsa tana bayan hannu ba ciki ba. In kina tura keken yaro ko kina riƙe da jaka, hannun ba ya lilo, ƙirgar taku za ta ragu, amma nisan GPS yana nan.

A filin tsere na zagaya sau 25, agogo ya ce na wuce kilomita 10 sosai. Fili ne ko agogo?

Duba layin da ka bi tukuna. Filin tsere na ƙa'ida mita 400 ne a layi na farko kaɗai, kuma ana auna shi santimita 30 daga bakin ciki. Faɗin kowane layi mita 1.22 ne. Layi na biyu mita 407 ne, na huɗu 422, na takwas 453. Wanda ya yi zagaye 25 a layi na huɗu ya ƙara fiye da rabin kilomita ba tare da ya sani ba.

Ko a layi na farko, fili shi ne wurin da GPS ya fi wahala, domin rabin tafiyar kwana ce, kuma kuskure iri ɗaya yana maimaituwa kowane zagaye. Coros da Garmin sun sa wani saiti na filin tsere, inda kake gaya wa agogo layin da kake, ya koyi siffar filin bayan 'yan zagaye, ya daidaita awon. In naka ba shi da wannan, ka ƙirga zagaye, ka bar wa agogo aikin lokaci. A fili, fili ne alƙali.

Masu zagaya filin ƙwallo kuma su sani, filin mita 105 da 68 kewayensa mita 346 ne, ba 400 ba. Na sha ganin samari masu shirin gwaji suna lissafa shi a 400, ranar gwajin su ga lokaci ya kufce musu. Wannan ya fi duk wani kuskuren agogo cutarwa.

Ta yaya zan gwada nawa da kaina?

Nemi miƙaƙƙiyar hanya da babu gini ko itace kusa. Aro tef ɗin magina mai mita 50, ku biyu ku auna sau goma, ku sa dutse a farko da ƙarshe. Mita 500 ke nan da ba ka shakka a kansu. Tsaya a kan dutsen farko, jira agogo ya nuna ya kama tauraro, ka ƙara masa kamar rabin minti kana tsaye, sannan ka danna. Ka tsayar da shi a dutse na biyu. Ka maimaita a ranaku daban, safe da yamma. In yana ba ka tsakanin 490 da 510, lafiyarsa ƙalau.

Kada ka gwada shi da mitar babur. Ita da juyin taya take lissafi, kuma iskar taya da girmanta suna canza ta. Mitar ɗan kabu-kabu ba ta fi agogon gaskiya ba.

Ka duba saiti biyu kuma. Ka sa ya riƙa ajiye ɗigo kowace daƙiƙa, ka kuma kashe tsarin tattalin batir, wanda a Garmin ake kira UltraTrac. An yi shi ne don masu tafiyar kwana da kwanaki. In agogo ya koma duba tauraro sau ɗaya a minti, mai gudu ya riga ya ci mita 200 tsakanin ɗigo da ɗigo, duk kwanar da take ciki ta tafi.

Wanda ya je gudun fanfalaki na Legas ya ce agogonsa ya nuna fiye da kilomita 42.195. An tsawaita hanyar ne?

Hanyar da aka tantance da keke ake auna ta, mai ɗauke da na'urar ƙirga juyin taya, kuma mai awon yana bin mafi gajartar layin da za a iya bi, yana yanke kowace kwana. Sannan da gangan ake ƙara mita ɗaya a kowace kilomita, wato mita 42, don kada hanyar ta gaza. Babu mai gudu a cikin cunkoso da zai iya bin wannan layi, ga kauce wa mutane, ga ratsewa wurin ruwa. Agogo ya nuna ƙarin mita 300 ko 400 ba abin mamaki ba ne. A tsere, allunan kilomita na bakin hanya ake bi.

Saurin da yake nunawa yana ta tsalle, ina gudu ɗaya amma lamba tana hawa da sauka.

Karkacewar ɗigon kowace daƙiƙa ce take jawo wannan, don haka sauya fuskar agogon ta nuna matsakaicin saurin kilomitar da kake ciki, ba na wannan daƙiƙar ba. Haka ma awon tudu, GPS ya fi rauni a tsaye fiye da a kwance, sai agogon da yake da ma'aunin nauyin iska ne yake kyautata shi.

Zai auna iyo a gulbi, ko tseren kwalekwale irin na Argungu da Yawuri?

Kwalekwale ba matsala, hannu yana sama, gulbi a buɗe yake. Iyo ne mai wuya, domin sigina ba ya shiga ruwa. Agogon yana samun tauraro ne kawai a ɗan lokacin da hannu ya fito. Mai iyon da hannunsa ba ya barin ruwa ba zai sami awon kirki ba, gara ya sa agogon a cikin hular iyo ko a kan wani abu mai yawo a bayansa.

Zan iya auna gonata ta shinkafa a fadama da shi?

Don ƙiyasin taki da iri, i. Wasu agogunan ma suna lissafa faɗin fili in ka zagaya shi. Hekta ɗaya mita 100 ce sau 100. In agogo ya karanta kowane gefe 104, ya ba ka murabba'in mita 10,816, ƙarin kashi 8 cikin 100. A buhun taki wannan ba komai ba ne.

Amma don Allah kada a yi rabon gado ko cinikin fili ko sasanta iyaka da agogo. Fulotin ƙafa 50 da 100 faɗinsa kusan mita 15 ne, kuskuren mita uku ya cinye kashi ɗaya cikin biyar na faɗin. 'Yan'uwa sukan ɓata shekara da shekaru a kan abin da bai kai haka ba. Wannan aikin safiyo ne, kayan aikinsa suna auna har santimita.

Akwai haɗari in ina ɗora taswirar guduna a intanet?

Akwai, kuma a halin tsaron da yankinmu yake ciki ba na ɗaukar wannan da wasa. A Janairun 2018 aka gano cewa taswirar da manhajar Strava ta wallafa ta hanyoyin masu gudu ta fallasa siffar sansanonin soja a Siriya da Afganistan, saboda sojojin suna zagaya su da agogo a hannu. Taswirarka tana nuna ƙofar gidanka, da ƙarfe nawa kake fita, da wurin da kake kaɗai a hanya. In ka ɗauki hotonta ka sa a WhatsApp ko Facebook, duk wanda ya gani ya samu.

Ka shiga saitin manhajar ka mayar da ayyukanka na abokai kaɗai, ka kunna ɓoye farko da ƙarshen hanya. Ka fara danna agogo bayan ka yi nisa da gida, ka kashe kafin ka dawo. In alfahari da ƙoƙarinka kake so ka yi, ka nuna nisa da lokaci, ka yanke taswirar. Mata da jami'an tsaro da masu bin hanyoyin bayan gari su fi kowa kiyaye wannan, su kuma riƙa canza hanya da lokacin fita.